Gida Marar Zaure

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu bibiyar wannan fili, a wannan fitowa mun ɗan jingine maganar tarbiyyar yara da muka ɗauko, saboda wata wasiƙa da ta iso mana daga wani dattijo ɗan ƙasarmu, wanda ya shekara talatin da ɗoriya yana aikin gini a Faransa. Ya ce lokacin ajiye aiki ya ƙarato, ƴaƴa duk sun girma sun kama gabansu, ga kuɗin hayar gida yana neman cinye rabin abin da za a riƙa ba shi na fansho. Abokan aikinsa Nasara kuwa, kowane ya huta sai ya sayi irin motar nan mai ɗaki a cikinta, wadda masu karanta shafukan Faransanci na wannan mujalla suka sani da suna camping-car, ya ɗauki matarsa su shiga duniya. Shi ma ransa ya biya. Yana son ya saki gidan haya ɗungum, shi da uwargida su koma cikin motar, su yi sanyi a Maroko, su yi zafi a Faransa suna zagaya ƴaƴa da jikoki. Tambayarsa uku ce: shin ƙasaru za su yi ta yi har ƙarshen rayuwa? Ina matsayin Juma'a a kansa? Sa'an nan, a ganinmu, abin ya dace da gidan Musulmi?

Baba Alhaji, mun gode da wannan amana. Kafin mu shiga amsa, bari mu ba ka labarin ranar da muka fara ganin irin wannan mota da idonmu.

Muna yara, da sanyin wata shekara, bayan La'asar, wata farar mota doguwa ta sauka daga kan kwalta ta tsaya a gindin dogon-yaro da ke gaban masallacin mahaifinmu. Wani tsohon Bature da matarsa suka fito da jarkoki biyu suna neman ruwa. Sun biyo ta Maroko da Muritaniya da Mali da Burkina, suna nufin Agadas. Mu da muka fara ɗanɗana Faransanci a makaranta aka sa mu tafinta, ladan tafintar kuwa shi ne aka bar mu muka leƙa ciki. Mun ga gado a saman kan direba, da murhu mai baki biyu, da wurin wanke kwano, da ɗan firji, da tebur wanda ake naɗewa ya koma gado, da wata ƴar ƙofa da aka buɗe muka ga makewayi da wurin wanka a fili da bai fi tabarmar salla ba. Muka dawo muna ba da labari kamar waɗanda suka je Makka. Da dare Malam ya sa aka kai musu tuwo da miyar kuka, da safe kuma ya taka da kansa tare da dattawa biyu don su gaishe da baƙi. Tsohuwar ta rasa inda za ta sa su, ta fito da kujerun naɗi guda biyu, alhali baƙin uku ne. Malam ya zagaya motar, ya yaba, sa'an nan ya ce mu tambaye su ina zaurensu. Muka rasa kalmar da za mu fassara zaure da ita. Da muka yi ta kwatance har Baturen ya gane, sai ya yi dariya ya nuna inuwar dogon-yaron. Malam ya ce, to ai wannan zaurenmu ne.

A wancan lokacin ma irin waɗannan baƙi sun riga sun yi ƙaranci. Manyanmu suna ba da labarin shekarun 1970 da 1980, lokacin da matasan Turai kan keto hamada daga Tamanrasat, su shigo ta Asamaka, su bi Arlit zuwa Agadas, wasu cikin ƙananan motocin Volkswagen da aka mayar ɗakin kwana, wasu cikin tsofaffin Peugeot da sukan sayar idan sun iso. Tawayen arewa na farkon shekarun 1990 da yaƙin cikin gida na Aljeriya suka rage wannan zirga-zirga, sace Turawa ƴan yawon buɗe ido 32 a hamadar Aljeriya a 2003 ya ƙara tsorata su, abin da ya biyo baya kuwa kowa ya sani. Saboda haka da yawa daga yaranmu na yau ba su taɓa ganin motar ba sai a waya.

Asalin abin na Turai da Amurka ne. Tun a 1885 wani likita ɗan Sikotilan mai suna William Gordon Stables ya sa aka ƙera masa ɗaki bisa ƙafafun keken doki don yawon shaƙatawa kawai. Da mota ta yawaita sai aka ɗora ɗakin a kanta ko aka ɗaura shi a bayanta. A Jamus kamfanin Westfalia ya fara mayar da motocin Volkswagen ɗakin kwana a farkon shekarun 1950, a Amurka kuma kamfanin Winnebago ya fito da motarsa ta farko mai gida a 1966, har sunan ya zama kamar sunan kowace mota irinta a bakin mutanensu. Mafi yawan waɗanda ake ƙerawa a Amurka daga yankin Elkhart na jihar Indiyana suke fitowa. Nahiyarmu ma ta ga ayarinsu, domin a 1959 Wally Byam, mai kamfanin Airstream, ya jagoranci gidajen ja guda 41 daga Kef Tawun zuwa Alƙahira.

Irin wadda Baba Alhaji yake nufi takan kai mita 6 zuwa 7 a tsawo, faɗinta kuma mita 2 da ƴan kai. A Faransa lasisin tuƙin ƙaramar mota yana isar mutum ya ja ta muddin nauyinta da duk abin da ke ciki bai wuce tan 3 da rabi ba, kuma nan ne wahalar farko take, domin motar kanta ta cinye mafi yawan wannan nauyi, abin da ya rage wa mutane da ruwa da kaya bai cika wuce ƴan ɗaruruwan kilo ba. Tankin ruwan sha yakan ɗauki lita 100 ko 120, wato jarka huɗu ko biyar irin na ƴan garuwa. Akwai wani tanki a ƙarƙashi da ke tara ruwan wanke-wanke da na wanka, da wani ɗan akwati na makewayi mai cin lita 20 ko ƙasa da haka, wanda dole a zare shi a je a zubar bayan kwana biyu ko uku. Girki da ɗumama ɗaki da gas ake yi, wuta kuwa daga batir na biyu, wanda injin mota ko faranti mai zuƙar hasken rana yake cikawa. Tana shan gazuwal kamar lita 10 zuwa 12 a kowane kilomita 100, ke nan tafiya irin ta Yamai zuwa Damagaram za ta lashe kusan lita 100. Sabuwa a yau takan kai Yuro dubu 60 ko fiye, wato sama da sefa miliyan 39, kuɗin da a garuruwanmu zai gina gida har da zaure da shago a ƙofa. Kuma bambancinta da gida shi ne, kowace shekara darajarta raguwa take yi.

Masu zama cikin waɗannan motoci kashi biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su ba. Akwai waɗanda suka zaɓa: tsofaffin ma'aikata masu gidan kansu a kulle, waɗanda da hunturu ya kama sai su gangara kudancin Sifen, su hau jirgin ruwa daga Aljaziras zuwa Tanja, su bi gaɓar teku har Agadir, su yi wata biyu ko uku cikin rana da arhar kayan miya, sa'an nan su koma. A Amurka irinsu kan taru da sanyi a wani ƙaramin gari na hamadar Arizona mai suna Quartzsite, dubun-dubatarsu. Akwai kuma waɗanda ba su zaɓa ba. Bayan rikicin bashin gidaje na 2008 a Amurka, mutane da yawa, har da masu furfura, sun rasa gidajensu sun koma cikin mota, suna bin aikin ƙodago daga jiha zuwa jiha, yau cire gwozar sukari, gobe ɗaukar kaya a rumbunan manyan kamfanoni. Wata ƴar jarida, Jessica Bruder, ta bi su shekaru ta rubuta littafi a kansu a 2017. A hoto dukkansu ɗaya ne, kowa da kujerar naɗi da kofin shayi yana kallon faɗuwar rana. Amma na farko idan ciwo ya kama shi yana da mabuɗin da zai koma ya buɗe, na biyu ba shi da shi. Shawarar da Baba Alhaji yake shirin yankewa, ta sakin gidan haya gaba ɗaya, za ta fitar da shi daga kashi na farko ta kusantar da shi ga na biyu, ko da aljihunsa bai kai nasu rauni ba.

Ba za mu ɓoye ba, akwai abin yabo a wannan rayuwa, kuma akwai darasi a cikinta ga gidajenmu. Tafiya a bayan ƙasa don ganin ayoyin Allah da ɗaukar izina abu ne da Alƙur'ani ya kwaɗaitar a wurare da dama, kuma a cikin Suratun Nahli Allah Maɗaukakin Sarki Ya lissafa gidaje marasa nauyi da ake ɗauka ranar tashi a cikin ni'imominSa, tare da gidajen zama. Ba mu da bakin raina gidan da ke tafiya alhali muna zaune da Buzaye da Fulanin daji, kuma kakanninmu fatake ne. Sa'an nan mai zama cikin mota yana koyon lissafin da yawancinmu muka manta. Wanda ya san jarka huɗu ce tsakaninsa da ƙishirwa ba ya barin famfo a buɗe yana asuwaki. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu guda na Annabi, wanda bai kai lita ɗaya ba, ya yi wanka da sa'i, wato mudu huɗu. Mu kuwa sai ka ga mutum ya juye buta biyu a alwala guda, harabar masallaci ta zama fadama. Tsohuwar nan ta Bature da ƙaramin kofi ta wanke kwanon tuwonmu, ta mayar mana da shi fes. Haka nan mai motar ba ya iya tara kayan da ba ya amfani da su, domin sikeli yana jiransa a hanya, kuma duk wanda ya taɓa shiga rabon gado ya ga akwatunan da aka shekara ashirin ba a buɗe ba, ya san amfanin wannan.

Yanzu ga maganar salla, bisa mazhabar Imamu Malik da muka tashi a cikinta, kuma mun zauna da mahaifinmu mun sake duba wurin a Muhtasar na Shehu Halil da sharhinsa kafin mu rubuta.

Ƙasaru sunna ce ga wanda ya nufi tafiyar da ta kai buridi huɗu, wato mil 48, kimanin kilomita 80 da ɗoriya, a tafiya ta halal, kuma yana farawa ne idan ya wuce gidajen gari. Abin sha'awa shi ne malamanmu sun riga sun yi magana a kan mutumin da gidansa yake tafiya da shi, tun ƙarnoni kafin a ƙera mota. Sun kawo mas'alar matuƙin jirgin ruwa wanda yake tare da iyalinsa da tukunyarsa a cikin jirgi, suka ce yana yin ƙasaru, kasancewar iyali tare da shi bai mayar da shi mazauni ba. Malaman Hambaliyya sun saɓa, a wurinsu irin wannan matuƙi da ba shi da wani gida sai jirgin cika salla zai yi. Saboda haka a mazhabarmu, ranakun da Baba Alhaji yake kan hanya daga Faransa zuwa Agadir ranakun ƙasaru ne, yana kuma da sauƙin haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha'i, a tafiyar tudu bisa sharuɗɗanta.

Amma ƙasarun ba ta har abada ba ce kamar yadda ya zata. Da zarar ya isa wani masauki ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, wato salla ashirin, hukuncin tafiya ya yanke, sai ya cika. Wanda zai yi wata biyu a bakin teku a Agadir mazauni ne tun ranar da ya isa, ko da tayoyi na ƙarƙashin gadonsa. Akwai kuma wata gaɓa da ta shafi masu wannan rayuwa ƙwarai. Malamai sun ce mai yawo ba tare da ya nufi wani wuri sananne ba, da makiyayi mai neman ciyawa wanda duk inda ya same ta zai tsaya, ba sa ƙasaru, sai idan sun san lalle za su yanke nisan ƙasarun kafin su samu abin da suke nema. To abin da masu camping-car suka fi alfahari da shi ke nan, a tashi da safe ba a san inda za a kwana ba, a yi kilomita 30 a ga wuri mai kyau a tsaya. Mai irin wannan yawo cika salla zai yi. Farilla kuma ba a yin ta a zaune mota na gudu ba tare da lalura ba, a tsaya, a nemi alƙibla, a yi ta da tsayuwa da ruku'u da sujada. Azumi kuwa, a tafiyar ƙasaru an yi rangwamen sha da ramawa, amma yin sa ya fi ga wanda zai iya.

Wani abu da ba a tambaye mu ba, amma ba za mu tsallake shi ba, shi ne akwatin makewayin nan. An hana biyan buƙata a kan hanyar mutane da inuwarsu da mashayarsu, kuma juye ƙazantar kwana uku a irin waɗannan wurare ya fi muni. A Faransa garuruwa da yawa sun tanadi wuraren da ake zubarwa a kuma ɗebi ruwa, a Maroko ma masaukan da ake biya suna da su. Musulmi ya fi kowa cancantar ya nemi wurin, ko da zai ƙara kilomita.

Sai Juma'a, kuma a nan ne muke son a tsaya a yi tunani. Matafiyi ba ta wajaba a kansa ba. Idan ya yi niyyar zaman kwana huɗu a gari, ko kusa da shi da kamar mil uku, ta wajaba ya halarta. Amma malamanmu sun bambanta tsakanin mai zama na ɗan lokaci da ɗan gari wanda ya yi niyyar dawwama. Juma'a ba ta ƙulluwa sai da mutum goma sha biyu ƴan gari, ban da liman, waɗanda za su tsaya tun daga huɗuba har sallama, kuma ba a tsayar da ita ga mazauna tantuna masu tashi. Ma'ana, mutumin da ya mayar da mota gidansa na dindindin zai yi Juma'a a Tanja, ya yi a Agadir, ya yi a Marsai, sallarsa ta inganta a ko'ina, amma babu masallaci ɗaya a bayan ƙasa da za a ƙirga shi cikin sha biyun. Kullum shi ƙari ne a kan jama'ar wasu.

Wannan hukunci na fiƙihu hoto ne na abin da Malam ya hango da ya tambayi zaure. Gidan Bahaushe yana da ciki yana da baki. Ciki na iyali ne da sutura, zaure kuma na jama'a ne: nan ake sallama, nan baƙo yake sauka, nan almajiri yake tsayawa, nan ake kawo goron ɗaurin aure, nan ake zaman makoki. Masu ƙera motar sun yi dabara sun cusa kicin da makewayi da gado a cikin mita shida, abin da ba su sa ba shi ne wurin wani. An ƙera ta ne don mutum biyu da suka gama da kowa. Addininmu kuwa ya ɗora wa maƙwabci haƙƙi mai nauyi, har Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya da shi, kuma haƙƙin nan ba ya tsayuwa da maƙwabcin da za a rabu da shi jibi. Wanda ba ya kwana huɗu a wuri ba zai san gidan da ba a ɗora tukunya ba, ba kuma za a san ranar da shi bai ɗora ba.

Kada a ce ai makiyayanmu ma haka suke. Ba haka suke ba. Bafillace yana tashi ne da rugarsa, Buzu da danginsa, fatake da madugu da jagaba, su sauka a zango tare, su yi jam'i tare, idan wani ya faɗi a ɗauke shi. Alhazan ƙafa da suka bi ta Fort Lami da Abeshe da Fashir zuwa bakin Bahar Maliya sukan shekara da shekaru a hanya, amma ƙungiya-ƙungiya suke tafiya da malaminsu, inda suka yada zango kuma sai unguwa ta tashi, har ga garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan, wanda mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa. Su jama'arsu suke ɗauka su tafi da ita. Mai camping-car kayan ɗaki yake ɗauka ya bar jama'ar a baya.

Ga kuma maganar sutura. Ga tsoho da tsohuwa su biyu babu damuwa. Amma muna jin wasu matasa masu ƙananan yara ma suna sha'awar abin, suna cewa za su koyar da yaran a hanya ta intanet. An umurce mu da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma, Suratun Nur kuma ta koya musu neman izini a lokuta uku kafin su shiga wa iyaye. Ina ƙofar da za a ƙwanƙwasa a ɗakin da labule ne kawai tsakanin gado da gado? Yaro kuma ba karatu kaɗai yake samu a makarantar allo da islamiyya ba, yana samun sa'o'i, da malamin da zai ji kunyarsa, da dattijon unguwa da zai tsawata masa. Hutun mako biyu ko uku cikin irin wannan mota, a kai yara su ga teku da duwatsu da Kurɗuba da Garnaɗa, abu ne mai kyau ga wanda Allah Ya hore wa, ana ma bayar da hayarsu. Shekara da shekaru kuwa wata magana ce dabam.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ba a son faɗa, amma mai shekara sittin da ɗoriya ya fi mu sanin sa. Ciwon sukari da hawan jini suna son likita ɗaya da ya san mutum. Idan maigida ya kwanta a wani masauki tsakanin Sifen da Maroko, uwargida tana iya jan motar tan uku da rabi? Idan ta Allah ta kasance, wa zai yi wanka, wa zai yi salla, a ina za a rufe? A dokar Faransa haƙƙin a rufe mutum a maƙabartar wani gari yana rataye ne da ya rasu a garin, ko yana da mazauni a cikinsa, ko danginsa suna da wuri a maƙabartar, kuma ba kowane gari ne yake da ɓangaren Musulmi ba. Hatta takardun zama da na fansho da na asibiti duk adireshi suke nema. Mutum ba ya sanin ƙasar da zai mutu a cikinta, wannan gaskiya ne ga matafiyi da mazauni, sai dai mazauni ya bar mutanen da za su ji a jikinsu idan ba su gan shi a sahun Asuba ba kwana biyu.

Saboda haka, Baba Alhaji, ga abin da muke gani, kai kuma ka fi mu sanin halinka, ka kuma ƙara tuntuɓar limamin masallacinku. Idan rai yana so kuma aljihu zai ɗauka, ka fara da haya na wata guda, da hunturu, lokacin da ruwan sama yake tsare mutum biyu a cikin mita shida, ku ga yadda za ku kwashe da Hajiya. A nemi ra'ayinta na gaskiya, domin ita za ta yi girki a murhu mai baki biyu, ita za ta rabu da maƙwabtan da ta shekara talatin tana gaisawa da su. Idan kun saya, ku sayi ta hannu, ku riƙe ɗaki ko da ƙarami ne kusa da ɗaya daga cikin ƴaƴanku da masallacin da aka san ku, motar ta zama ta tafiya da dawowa. In kuwa hayar Faransa ce ta gagara, to rabin kuɗin motar nan zai yi maka gini a garinku, kuma sanyin Maraɗi bai kai na Liyon ba.

Baƙin namu kwana uku suka yi a gindin dogon-yaro. A rana ta biyu matan gidanmu suka ja tsohuwar zuwa cikin gida, aka yi mata lalle, ta wuni a tsakar gida ba mai jin yaren wani. Da za su tashi Baturen ya kawo kuɗin ruwa, Malam ya ƙi karɓa, sai ya bar mana kujerun naɗin guda biyu, ya ce sun yi musu nauyi. Ɗaya ta karye tuni, ɗayar tana nan a zauren Malam, a kanta ladan yake zama yana jiran lokaci.

A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan maganar tarbiyya daga inda muka tsaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.